Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Amurka kan lambobin yabon Wounded Knee da duwatsun Lakota

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni Bahaushe ne, ba ɗan ƙasarku ba, ba ni da ƙuri'ar da zan ba wani a cikinku ko in hana shi, amma akwai maganar da ta tsaya min a rai tun watan Satumban 2025, lokacin da sakataren tsaron Amurka Pete Hegseth ya fito ya ce sojojin da aka ba lambar yabo saboda abun da suka yi a rafin Wounded Knee a 1890, inda aka kashe ɗaruruwan 'yan ƙabilar Lakota, za su ci gaba da riƙe lambobinsu, wai sun cancanta, wai kuma magana ta ƙare. Toh ni dai a wurina ba ta ƙare ba, kuma na san a wurin jikokin mutanen da aka kashe a ranar ma ba ta ƙare ba.

Ku na rubutowa ba ma'aikatar tsaro ba, saboda da sunan majalisarku ake bada wannan lambar, majalisar dattawanku ce ta amince da yarjejeniyar da aka karya, kuma ku ne da hannunku kuka yi dokar 1877 da ta ƙwace ƙasar. Soja aike ne aka yi masa ya tafi. Wanda ya ɗaura shi ya kamata ya kwance.

Dan Allah ku yi haƙuri in ɗan koma baya, don mutane da yawa suna ɗaukar Wounded Knee kamar wani tsautsayi ne na rana ɗaya da ya faɗo daga sama, alhali ƙarshen yaƙi ne na kusan shekara 40 da sojojinku suka yi da Sioux, wato ƙabilun Lakota da Dakota da 'yan uwansu, 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar. Kuma abun ya faro ne daga saniya, wallahi saniya guda ɗaya. A 1854 kusa da barikin Laramie saniyar wani matafiyi ta shiga zangon Lakota wani ya yanka ta, shugaban zangon Conquering Bear ya ce a karɓi doki a madadinta a kashe maganar, aka ƙi, wani ƙaramin hafsa mai suna Grattan ya kwaso sojoji da igwa ya zo kama mutum, aka harbi dattijon, su kuma samari suka rufe su suka kashe Grattan da mutanensa kusan 30. Shekara na zagayowa Janar Harney ya zo ramuwa a rafin Blue Water ya kashe mutum 86, da yawansu mata ne da yara da suka ɓuya a cikin kogunan dutse. Wannan Harney ɗin sai da aka saka sunansa a kan dutse mafi tsayi a ƙasar Lakota, sunan ya zauna har 2016 kafin a canza shi zuwa Black Elk. Kun ga kenan ana iya gyarawa in an so.

A 1862 a Minesota 'yan Dakota da aka matse su a ɗan zirin ƙasa bakin kogi, kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin biyansu duk shekara ya makara, abinci na cikin sito an ƙi buɗewa yara na kwana da yunwa, har an ruwaito wani ɗan kasuwa Andrew Myrick ya ce in suna jin yunwa su ci ciyawa. Suka tashi da yaƙi. Ba zan ɓoye ba, sun kashe ɗaruruwan fararen hula harda mata da ƙananan yara, kuma wannan jinin ma jini ne, babu mai imanin da zai ce daidai ne. Amma ku dubi shari'ar da aka yi musu bayan nan, kotun soja, wasu minti kaɗan ake yi an gama da mutum, ba lauya, wasu ko turancin da ake yanke musu hukunci da shi ba sa ji, aka yanke wa 303 hukuncin kisa, Shugaba Lincoln ya rage, aka rataye 38 lokaci guda a garin Mankato ranar 26 ga Disamba 1862, washegarin Kirsimeti. Har yau ba a taɓa rataye mutane da yawa haka a rana ɗaya a tarihin ƙasarku ba.

Sai yaƙin Red Cloud, wani shugaban Lakota, daga 1866 zuwa 1868 a kan hanyar Bozeman da aka yanka ta tsakiyar wurin farautarsu zuwa ma'adinan Montana. Nan kam Lakota ne suka yi nasara, a Disambar 1866 suka ja Kyaftin Fetterman cikin tarko shi da mutanensa 80 babu wanda ya koma, gwamnatinku ta ga ba riba ta janye daga barikokin hanyar ta nemi sulhu. Daga nan aka samu yarjejeniyar Laramie ta 1868, kuma ita ce zuciyar wannan wasiƙar. An rubuta a ciki cewa duk yammacin Dakota ta Kudu ta yanzu, daga kogin Misuri, harda duwatsun Paha Sapa da kuke kira Black Hills, na Sioux ne su zauna ba mai damunsu. An kuma rubuta a sashe na 12 cewa ba za a yanki ko taku ɗaya daga wannan ƙasa ba sai kashi uku cikin huɗu na mazansu baligai sun sa hannu. Janar Sherman na cikin waɗanda suka sa hannu ta ɓangarenku, majalisar dattawa ta amince a 1869. Mu a wurinmu alkawari kaya ne, kuma ba su suka zo roƙo ba, ku kuka nema.

Shekara 6 kacal aka yi. A 1874 aka tura wani hafsan soja, George Custer, da sojoji wajen 1,000 cikin duwatsun, harda masu haƙar ma'adinai da 'yan jarida a tawagar, suka dawo da labarin akwai zinari, a lokacin kuma tattalin arzikinku na cikin mawuyacin hali tun karyewar 1873, sai mutane suka yi ta kwarara dubbai dubbai cikin ƙasar da doka ta ce kar su taka. Aikin soja ne ya kore su. Maimakon haka a 1875 gwamnati ta taya duwatsun dala miliyan 6, Lakota suka ce ba na sayarwa ba ne, sai Shugaba Grant ya zauna da manyan hafsoshinsa a watan Nuwamba suka yanke cewa soja zai daina tare masu shiga. Bayan nan aka aika da umarni a Disamba cewa duk wanda ke daji yana farauta ya dawo ya miƙa kansa a ofishin wakilin gwamnati kafin 31 ga Janairu 1876, in ba haka ba shi abokin gaba ne.

Ku tsaya ku auna wannan umarnin da hankali. Tsakiyar hunturu ne a arewacin filayen, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, dawakai sun rame ba ciyawa, mutum na da tsohuwa da mai jego da jarirai a tantin fata, wasu ma saƙon bai iske su ba sai da wa'adin ya kusa cika, kuma wurin da suke farautar yarjejeniyar ce ta ba su dama. An san ba za su iya zuwa ba. Dalilin yaƙi ake nema aka kuma samu.

Aka fito musu ta fuska uku, Janar Crook daga kudu, Kanar Gibbon daga yamma, Janar Terry da Custer daga gabas. A 17 ga Yuni Crazy Horse, jagoran mayaƙan Lakota, ya tare Crook a kogin Rosebud ya sa shi ja da baya, bayan kwana 8 kuma ranar 25 ga Yuni 1876 Custer ya raba rundunarsa ya auka wa babban zangon Lakota da ƙabilar Cheyenne a bakin kogin Little Bighorn bai san yawansu ba, shi da duk wanda ke tare da shi sama da 200 suka mutu a wurin, rundunar doki ta 7 ta rasa mutum 268 baki ɗaya. Shekara da shekaru littattafanku da finafinanku sun nuna wannan rana kamar wasu jarumai ne 'yan ta'adda suka yi wa kisan gilla, mu ma nan da yawanmu a fim ɗin kaboyi muka fara ganin mutanen nan, da gashin tsuntsu a ka suna ihu suna zagaye amalanke, ba wanda ya ce mana iyalansu ne ke bayansu a cikin tantuna. Custer ne ya je musu har gida da bindiga da rana tsaka.

Labarin ya iso biranenku daidai lokacin da kuke bikin cika shekara 100 da samun 'yanci, ƙasa ta ɗauki zafi, kuma a nan ne majalisarku ta yi abun da har yau nake jin nauyinsa in na karanta. A watan Agustan 1876 kuka saka sharaɗi a cikin kasafin kuɗi cewa ba za a ƙara ba Sioux rabon abinci ba sai sun saki duwatsun. Waɗanda wannan sharaɗin ya kama ba mayaƙan daji ba ne, mutanen da suka bi umarni ne suka zauna a inda aka ce su zauna suka dogara da abincin gwamnati, su ne kuma aka bi aka ƙwace wa dawakai da bindigogi. Ko ka sayar ko yaranka su mutu da yunwa. Da duk wannan matsin kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai suka sa hannu, ina kashi uku cikin huɗun da aka rubuta? Haka nan kuka maida takardar doka ranar 28 ga Fabrairu 1877.

Sauran kuma farauta ce aka yi ta yi da mutane cikin sanyi, a ƙona tanti a ƙona busasshen nama a harbe dawakai, Slim Buttes, Wolf Mountain, har yunwa ta yi abun da harsashi ya kasa. Crazy Horse ya miƙa wuya a watan Mayun 1877 a barikin Robinson, ranar 5 ga Satumba suka soke shi da wuƙar bakin bindiga suna ƙoƙarin tura shi ɗakin kurkuku, mutumin da ya shigo da ƙafarsa bisa amana. Sitting Bull, wani babban shugaban Lakota, ya tsallaka Kanada da mutanensa, yunwa ta dawo da shi a 1881. Ɓaunar da rayuwarsu duka ta rataya a kanta, nama da sutura da ɗaki da igiya, wadda a da miliyoyi ce, maharba suka ƙarar da ita don fata kawai ana barin naman yana ruɓewa a fili, kafin ƙarshen shekarun 1880 'yan ɗaruruwa suka rage a daji. A 1889 aka sake yanka ƙasar tasu gida gida aka kwashe miliyoyin eka, aka rage rabon nama, ga fari ga cututtuka.

Mutanen da aka kai wannan matsayin su ne suka rungumi Rawar Fatalwa da wani mai wa'azi ɗan ƙabilar Paiute, Wovoka, ya zo da ita, cewa in sun yi rawa sun yi addu'a sun zauna lafiya matattunsu za su dawo ɓauna za ta dawo. Ibada ce ta wanda ya rasa komai. Wakilan gwamnati suka tsorata suka kira soja. Ranar 15 ga Disamba 1890 aka tura 'yan sandan da aka ɗauka daga cikin Lakota ɗin kansu su kama Sitting Bull da asuba a Standing Rock, ɗaya daga cikin yankunan da aka keɓe musu, rikici ya tashi suka harbe shi a ƙofar gidansa.

Yanzu ga ranar da kuka bada lambar yabo a kanta. Wani shugaban Lakota, Spotted Elk, wanda sojoji ke kira Big Foot, ya ji an kashe Sitting Bull sai ya kwashi mutanensa kusan 350, mafi yawansu mata da yara, ya nufi yankin Lakota na Pine Ridge neman mafaka wurin Red Cloud, shi kansa ciwon huhu ya kwantar da shi a cikin amalanke yana tari da jini. Ranar 28 ga Disamba rundunar doki ta 7, wato dai rundunar Custer, ta tare su, suka ɗaga farar tuta suka bi ba gardama aka kai su bakin rafin Wounded Knee suka kwana, sojoji kusan 500 kewaye da su, an jera igwa 4 ƙirar Hotchkiss a kan tudu bakinsu na kallon tantuna. Da safe 29 ga wata Kanar Forsyth ya tara maza ya ce su ajiye makamai, aka shiga tantuna ana zazzage kayan mata ana kwashe har gatari da wuƙar girki. Wani saurayi Black Coyote, wanda shaidu suka ce kurma ne, ya riƙe bindigarsa yana cewa da kuɗi mai yawa ya saye ta, aka kama shi da kokawa bindiga ta tashi. Shikenan. Aka buɗe wuta, igwa ta shiga zuba harsashi cikin zango inda mata da yara suke, waɗanda suka gudu cikin kwazazzabo aka bi su a kan doki. Likita Charles Eastman, shi ma ɗan Dakota ne da ke aiki a Pine Ridge, da ya fita neman masu sauran numfashi bayan guguwar ƙanƙara ta lafa, tun mil 3 kafin wurin ya fara cin karo da gawar mace. Mil 3, ku duba fa. Wace barazana mace mai gudu take yi wa soja a wannan nisan? An tsinci jaririya da ranta a ƙarƙashin gawar uwarta bayan kwanaki cikin ƙanƙara, wani janar ya ɗauke ta ya tafi da ita gidansa. Waɗanda suka ji rauni an shimfiɗa su a kan ciyawa a cikin cocin Pine Ridge, kayan adon Kirsimeti ko sauke su ba a yi ba. Tsakanin 250 zuwa 300 aka kashe, gawa 146 aka zuba a rami ɗaya a kan tudun da aka kafa igwar. Sojoji 25 suka mutu, da yawansu harsashin 'yan uwansu ne ya same su tunda a zagaye suke suna harbin tsakiya.

Masu kare lambobin suna cewa wai bai kamata a auna mutanen da da ma'aunin yau ba. Toh mu auna su da ma'aunin zamaninsu. Janar Nelson Miles shi ne babban kwamandan yankin a lokacin, mutumin da ya yi shekaru yana yaƙar Lakota ba masoyinsu ba ne, shi ya sauke Forsyth daga muƙami ya sa a bincike shi, shi ya rubuta cewa bai taɓa jin kisan gilla na rashin imani kamar wannan ba. Manyansa suka wanke Forsyth suka maida shi, sannan aka raba wa sojoji kusan 20 lambar yabo mafi girma da ƙasarku take da ita, irin wadda ake ba wanda ya faɗa kan gurneti don ya ceci abokansa. Wannan ai cin mutuncin su ma waɗancan ne.

Kuma kar wani ya ce ba a taɓa karɓe lambar ba. A 1916 majalisarku ta sa aka kafa kwamitin janar janar ya duba duk lambobin da aka bayar, Miles ɗin nan ne ma shugabansa, a 1917 aka goge sunaye 911 saboda ba su cika sharaɗi ba. An goge mutum saboda shi farar hula ne ba soja ba, an goge na waɗanda aka ba don sun yi gadin gawar Lincoln, amma na Wounded Knee suna nan. A 1990 da aka cika shekara 100 majalisunku biyu suka fitar da ƙuduri suna nuna matuƙar nadama, kuma a cikinsa ku da kanku kuka kira abun kisan kiyashi. Ta yaya abu ɗaya zai zama kisan kiyashi a takarda ɗaya, jarumta a ɗaya? Tun 2019 ake kawo muku ƙudurin cire lambobin, Sanata Elizabeth Warren da Deb Haaland na cikin waɗanda suka tsaya masa, yana zuwa yana mutuwa a kwamiti.

In kun tambaya me ya shafi Bahaushe, toh mu ma muna da Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, muna da Satiru da Turawan Ingila suka shafe a 1906 aka hana kowa sake zama a wurin. Mun san yadda ake ji idan wanda ya kashe kakanka shi ne ya rubuta rahoton yadda abun ya faru.

Maganar ƙasa kuwa ba ni zan yanke muku hukunci ba, kotunku ta riga ta yanke. Ranar 30 ga Yuni 1980 Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 8 cikin 9 ta tabbatar an ƙwace Black Hills ba tare da biyan haƙƙi ba, har ta maimaita abun da ƙaramar kotu ta faɗa cewa da wuya a samu mu'amalar rashin mutunci da ta kai wannan a tarihin ƙasar. Aka ce a biya su dala miliyan 17.1 da kuɗin ruwa, jimla sama da miliyan 100. Suka ƙi karɓa. Kuɗin na nan ajiye a baitulmali yana ta hauhawa har ya haura dala biliyan 1, mutanen da gundumarsu ta Pine Ridge ke cikin mafi talauci a duk Amurka, gida ɗaya iyali biyu uku a cunkushe, rashin aiki ya yi katutu, amma sama da shekara 40 sun ƙi taɓa ko sisi. Wasu na ganin taurin kai ne. Ni ban ga haka ba ko kaɗan, duk wanda ya san gonar gado ya gane, mai ƙarfi ya ƙwace gonar da kabarin kakanninka ke ciki, ya noma ta shekara 100 ya ci amfanin, sannan alƙali ya ce gaskiyarka ce amma ga kuɗinta a farashin ranar da aka ƙwace, ka san ranar da ka sa hannu ka karɓa ka sayar kenan har abada. Ma'adinin Homestake kaɗai a cikin duwatsun nan ya fitar da zinari kusan oza miliyan 40 kafin a rufe shi a 2002. A kan ɗaya daga cikin duwatsun da suke girmamawa kuma aka sassaƙa fuskokin shugabanninku 4 tsakanin 1927 da 1941, miliyoyin 'yan yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto duk shekara.

Na san a 2009 kun rubuta neman afuwa ga 'yan asalin ƙasar, amma a cikin dokar kasafin kuɗin tsaro kuka cusa shi, ba taro ba sanarwa, kuma kuka ƙara layi a ƙasa cewa wannan ba zai zama hujjar neman wani haƙƙi a kan gwamnati ba. Haba masu girma. A ina ake ba mutum haƙuri bai ji ba?

Abun da nake roƙonku bai fi ƙarfinku ba. Ku ɗauko ƙudurin cire lambobin Wounded Knee ku kaɗa masa ƙuri'a a fili kowa a ga inda ya tsaya, tunda ma'aikatar tsaro ta ce ita ta rufe nata babin, saura ku. Sannan ku dawo da maganar ƙasa teburi. Ba wanda ya ce a tashi mutanen Rapid City, birnin da ke gindin duwatsun, daga gidajensu, kuma wannan tsoratarwar da ake yi duk lokacin da maganar ta taso ba gaskiya ba ce, babban ɓangaren duwatsun daji ne da ke hannun gwamnatin tarayya, ba gonar kowa ba. A shekarun 1980 Sanata Bill Bradley ya kawo ƙudurin mayar musu da eka miliyan 1.3 daga irin wannan filin na gwamnati, aka bar shi ya mutu. Yana nan a ajiye a ma'ajiyar takardunku, ku ciro shi ku kaɗe ƙura, ku gayyato shugabannin ƙabilun Sioux na Oglala da Rosebud da Cheyenne River da Standing Rock da sauran 'yan uwansu ku zauna da su a matsayin ɗaya ɓangaren yarjejeniyar 1868, su faɗa muku da bakinsu abun da za su karɓa da wanda ba za su karɓa ba.

Na gode da lokacinku.

Naku,
wani mai bibiyar tarihi daga ƙasar Hausa